Ki Ɗauki Bencin Mahaifiyarki

Setapak, Kuala Lumpur
Lahadi, bakwai ga watan Sha'aban

'Yata Asma'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah Ya kai ki Penang lafiya jibi, Ya kare ki daga sharrin hanya da na ruwan sama, Ya sa ki tare a gidan mijinki Bashir cikin aminci, Ya haɗa ku da maƙwabta nagari.

Sama da shekara goma ke nan ban yafe wa Hajiya Talatu maganar da ta yaɓa min a ƙofar shagon mahaifiyarki ba. Duk Sallah sai mun haɗu a taron 'yan gida, ta ce, "Dokta, an yi Sallah lafiya?" ni kuma in amsa ina kallon wani wuri. Ta san ban gama digirin ba, kowa a Setapak ya sani, amma Doktan nan ba ya fita daga bakinta. Na fara da ita ne domin ita ta faɗo min a rai ranar Alhamis, lokacin da kika miƙo min waya kika nuna min hoton shagon barguna da za ki buɗe a can.

Abin da na faɗa ranar bai dace ba, balle a gaban mijinki da ya zo cin abinci. Na ce shagon ya yi kama da ɗakin ajiye gawa na asibiti. Kika ajiye cokali, kika amsa min da Turanci kamar yadda kike yi idan ranki ya ɓaci, kika shige ɗaki. Tun ranar, daga gaisuwar safe ba kya ƙara min komai. Ni kuma da na buɗe baki faɗa ke fitowa, shi ya sa na ɗauki biro.

Ga abin da na gani a hoton. Fararen fitilu. Kantar gilashi. Barguna a naɗe cikin leda, an jera su har kusa da rufi. Kujera ɗaya tak, ita ma taki ce, a bayan kanta. Kika ce yawancin cinikin ta waya za a yi, mutum ya zo ya karɓi kayansa ya wuce. Sannan kafin ki tashi kika ce, "Abba, ba na son zaman gulma a kedai ɗina, a shagona, kuma ba na son kowa ya bar min ajiya. Na ga abin da ajiya ta jawo wa Umma." Wannan maganar ce ta hana ni sukuni. Shagon da ke cikin hoton nan na san shi ciki da waje, domin ni na fara gina irinsa, kuma ina tsaye ya mutu.

Kina ƙarama lokacin da muka zo ƙasar nan, don haka bari in tuna miki. Na zo ne da tallafin gwamnati in yi digiri na uku a kimiyyar sinadarai. Ana tsakiyar aiki tallafin ya tsaya, na rubuta takardu har na gaji, babu wanda ya amsa. Waɗanda nake koya wa lissafi a Zariya yau farfesoshi ne, ni kuwa ina nan ina fassara wa ɗalibai takardun haya. Mahaifiyarki Hajara, Allah Ya jiƙanta, ba ta tsaya jiran gwamnati ba. Ta riƙa bin telolinmu na Setapak da Sentul tana karɓo guntayen atamfa da shadda da suka rage musu, ta yanka, ta haɗa, ta sa auduga a tsakiya, ta yi shafi, ya zama bargo. Mutanen ƙasar nan suna kunna esi mai sanyaya ɗaki har haƙori ya kaɗa, sannan su nemi abin rufa, don haka kasuwa ta samu. Daga falo muka koma ɗan shago a ƙasan bene, kusa da mamak, gidan shayin nan da kike sayen gurasar roti kafin makaranta.

Abu na farko da ta sa a shagon, tun kafin keken ɗinki, benci ne. Wani mai aski da zai tashi ya bar mata shi. Na biyu filas ɗin shayi da kofuna. Na uku wani babban kwandon kaba a lungu. Daga hantsi bencin nan ba ya rabuwa da mata: matan ɗalibai, matan 'yan kasuwa, wata da jariri, wata da kayan miyan da za ta gyara. Ni ina can ƙurya da kwamfuta ina fama da babin da ya ƙi ƙarewa, surutu yana shiga min kai.

Hajiya Talatu, wadda mijinta ke sayar da kayan waya a Sentul, ita ce shugabar bencin ba tare da an naɗa ta ba. Tana shigowa za ta ce, "Dokta, har yau karatun ne? Wallahi da ciki ne da yanzu yaron ya shiga firamare."

In ce, "Hajiya, yau dai za ki sayi wani abu, ko shayin ne kawai?"

Ta ce, "Shayin Hajara nake sha, ba naka ba. Kai ko ruwan zafi ba ka iya dafawa."

Matan su kwashe da dariya, mahaifiyarki ta sunkuyar da kai kan keke tana murmushi. Ni ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba. Na lura da yawansu sai su yini ba su sayi ko zare ba, na ce wannan ba kasuwanci ba ne. Wata ranar Asabar na ɗauke bencin na hau da shi sama, na sa katakon jera kaya a wurinsa. Mahaifiyarki ta ce, "Malam, a ina za su zauna?" Na ce, "A gidajensu." Suka ci gaba da zuwa na ɗan lokaci, suna tsaye, suna jingina da bango, masu goyo suna canza ƙafa. Wadda take yini ta koma minti kaɗan. Abin da ban gane ba sai daga baya shi ne, matar da ta yini ba ta sayi komai ba ita ce za ta kawo ƙanwar mijinta da za ta yi aure, ita ce za ta nuna wa maƙwabciyarta Balarabiya bargon da ke kan gadonta. Kuma mai wucewa a titi idan ya leƙa ya ga mutane zaune suna hira, ƙafarsa da kanta take shigowa. Idan ya ga mutum ɗaya a bayan kanta yana kallonsa, wucewa yake yi.

Saboda haka, Asma'u, ki sa wurin zama a shagonki, kuma kada ki sa shi inda mai zama zai ji kamar yana jiran likita. Ki sa shi kusa da inda kike ɗinki, yadda za a ga hannunki yana aiki. Gulma za a yi, ban ce ba za a yi ba. Matan nan ba mala'iku ba ne, ni ma sun ci namana a kan bencin nan ina ji. Ki bar su. Idan ta yi yawa ki ɗaga ƙyalle biyu ki ce, "Wanne ya fi dacewa da wannan?" Haka mahaifiyarki take kashe magana, ba ta taɓa korar kowa ba.

Sai maganar leda. A nan ina da hujja, kuma har yau ina da ita. Garin nan danshi gare shi, yadi yana fumfuna, hannun mutane da maiƙon abinci. Na sayo leda na naɗe kowane bargo, na rubuta takarda da Hausa da Turanci da Malay cewa kada a taɓa, na manna a bango. Akwai wata tsohuwa 'yar ƙasa da ke zuwa, muna ce mata Mak Cik kamar yadda ake kiran iyaye mata a nan. Ba ta jin Hausa, mahaifiyarki kuma Malay ɗinta na kasuwa ne, amma sai su daɗe tare. Al'adarta ita ce ta ɗauki gefen bargo ta goga a kumatunta, ta lumshe ido, sannan ta ce a ko a'a. Ranar da ta zo ta tarar da leda, ta sa yatsa tana neman bakin ledar, na nuna mata takardar da biro. Ta karanta, ta janye hannunta kamar ta taɓa wuta, ta ba ni haƙuri da harshensu har sau biyu, ta fita. Ban sake ganinta a shagon ba. Nakan hango ta a tashar bas, sai ta gaishe ni da ladabi, irin ladabin da ake yi wa ɗan sanda.

Bargo ba magani ba ne da za a miƙo ta taga. Abu ne da mutum zai kwana a ciki, ya rufa wa ɗansa mai zazzaɓi. Dole ya taɓa, ya ji nauyinsa, ya juya bayansa ya ga ɗinkin. Ki ajiye na ajiya a leda a ciki, wannan daidai ne. Amma ki baza wasu a fili, ki yarda za su yi datti, ki wanke. Idan yaro ya ja ɗaya ƙasa kada ki kalli uwarsa, ki ɗauka ki kaɗe kina ci gaba da maganarki.

Akwai wata yarinya kuma da ban san sunanta ba har yau. Mahaifiyarki ta je sayen auduga, ni kaɗai ne a shago. Ta yi sallama ta tsaya a bakin ƙofa, sabuwar zuwa ce, da gani ka san mijinta yana makaranta tun safe ya bar ta da bango huɗu. Ban tambaye ta gida ba, ban tambaye ta gajiya ba. Na ce, "Me za ki saya?"

Ta ce, "Babu komai, Baba. An ce min ana jin Hausa a nan ne."

Na ce, "Nan shago ne, ba gidan rediyo ba."

Ta ce, "Yi haƙuri, Baba," ta juya. Da na ba mahaifiyarki labari ina dariya, ba ta yi dariya ba. Ta sa mayafi ta bi layin gidajen ɗalibai tana tambaya, ba ta same ta ba.

Ke kin tashi a nan, gaisuwarki gajera ce irin ta mutanen birni, kuma na san kina ganin tamu ɓata lokaci ce. Ki gaisa da mutum kafin ki tambaye shi abin da ya kawo shi. Ki riƙe sunan 'ya'yan mutane. Wadda ta ce miki mahaifinta ba shi da lafiya a gida, idan ta dawo ki fara da shi kafin bargo. Kada ki bi mutum da ido yana zagaya shago, ni na yi wannan, har wata ta buɗe min jakarta da kanta ta ce in duba. Kuma duk wanda ya fita bai sayi komai ba, ki yi masa sallama irin wadda za ki yi wa wanda ya sayi goma.

Yanzu kwandon. Kina wurin, shekararki goma sha huɗu, ba sai na ɓoye miki komai ba. Amma kin ga ƙarshen ne kawai, kuma darasin da kika ɗauka ba shi ne darasin ba.

Matan nan suna da wata al'ada da su suka ƙirƙiro ta a kan bencin. Duk wadda ta zo daga gida takan kawo guntun zane ta jefa a kwandon, ba suna, ba alama. Idan mijin wata ya gama karatu za su koma Najeriya, sai a zazzage kwandon a ƙasa, kowace ta nuna nata, a yanki kaɗan daga kowane, mahaifiyarki ta haɗa mata abin da suke kira bargon sallama. Ba a sayar da shi. Ni a ganina wahala ce ba riba, kuma kwandon tarin tsummoki ne da ke kiran kyankyaso.

Ranar, mahaifiyarki ta tafi suna a Sentul. Da la'asar aka yi irin ruwan garin nan, ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Da na ɗaga kwandon na ga gindinsa ya jiƙe, na ƙasan sun yi fumfuna kore, da alama ba ranar suka fara ba. Wari ya bugo ni. Na ɗauko baƙar leda na juye duka. Kika ce, "Abba, Umma ta sani?" Na ce, "Ni ne mai gidan nan ko Umma?" Na kai ledar bakin titi, motar shara ta zo ta wuce da ita kafin magariba. Na wanke kwandon tas na kife shi, ina jin na yi aiki.

Da ta dawo ta tsaya tana kallon lungun.

"Malam, ina kwandon?"

"Ga shi can, na wanke shi."

"Kayan ciki fa?"

Na faɗa mata. Na yi mata bayanin fumfuna, yadda take yaɗuwa, yadda take shiga huhu. Duk gaskiya na faɗa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta nemi wurin zama, babu benci, sai ta zauna a ƙasa da kayan sunan a jikinta.

A makon ne ya kamata a yi wa wata bargon sallama. Matan suka zo da yawa, Hajiya Talatu a gaba. Mahaifiyarki ta fara cewa ruwa ne ya shigo, tana so ta rufa min asiri. Ni kuwa na fito na ce ni na zubar, kuma da za a sake zan sake, domin lafiya ta fi tsumma. Hajiya Talatu ta dube ni, babu wasa a fuskarta a karon farko tun da na san ta. Ta ce, "Akwai wani shuɗi mai zanen ganye. Da shi na goya Sadiƙu." Sadiƙu ɗanta ne da ya rasu a Kano kafin su zo. Ta ce ba ta taɓa bari a yanke shi ba, tana jiran nata bargon ne ranar da za ta koma. Sannan ta ɗaga murya yadda har masu shan shayi a mamak suka juyo, ta ce, "Dokta, karatun da ya gagare ka ne ka zo ka huce a kan tsummokaranmu?"

Maganar da ban yafe ba ke nan. Har yau ina cewa da wani ya zaunar da ni ya faɗa min abin da ke cikin kwandon da ban taɓa shi ba, kuma na ƙasan sun riga sun lalace ko da ni ko ba ni. Amma shekaru na yi ina zaune taku kaɗan daga kwandon nan, ana zazzage shi a gabana, ana kuka ana dariya, ban taɓa ɗaga kai daga kwamfuta na tambaya ba.

Ba su yi taro sun ce a daina zuwa ba. Ɗaya bayan ɗaya suka janye. Mahaifiyarki ta bi su gida gida ta ba da haƙuri, suka ce ba komai, Hajara, ba laifinki ba ne, amma ba wadda ta sake kawo ƙyalle. Na sauko da bencin da kaina na mayar da shi wurinsa, ya yi wata da watanni ba wanda ya zauna sai ke, kina aikin makaranta. Shagon ya yi tsaf, ba surutu, ba datti, kamar yadda nake so. Daga baya muka mayar da makulli. Yanzu masu gyaran waya ne a wurin.

Kin ce ba kya son ajiya. Ki saurare ni da kyau. Ajiyar nan ita ce shagon. Mutum ba ya barin zanen goyon ɗansa a inda bai yarda da shi ba, kuma inda ya bar shi nan zai riƙa komawa. Abin da ya kamata in yi ƙaramin abu ne: in ɗora kwandon a kan katako, in sa kafur da gawayi a ciki, in riƙa shanya shi idan rana ta fito. Wannan ma ai fannina ne, na fi kowa saninsa a layin. Idan wata ta kawo miki guntun zane a Penang, Bahaushiya ce ko 'yar ƙasa ko Ba'indiya, ki karɓa da hannu biyu, ki tambaye ta na wane ne. Kada ki zubar da abin da ba ke kika ajiye ba, ko da ruɓewa yake yi. Ki kira mai shi ta zo ta gani da idonta. Bashir yaron kirki ne kuma yana da tsari, irin tsarin da nake da shi a shekarunsa. Idan ya fara maganar gyara miki shago, ki ba shi wasiƙar nan ya karanta.

Bencin yana baranda, kin san shi, shi ne wanda kwalayen takarduna suka danne shekara da shekaru. Jiya na sauke kwalayen, na ɗaure ƙafar da ke rawa, na goge shi. Na yi magana da direban motar kayanki, ya ce boleh, wato zai yiwu, akwai wuri. Ban ce masa ya ɗora ba, domin shagonki ne, kuma na riga na yi wa mace ɗaya hukunci a kan shagonta. Idan kin ce a ɗora, a ɗora. Idan motar ta tashi ba shi, ba zan ce komai ba, zan mayar da kwalayen.

Allah Ya tsare ki a tafiya da zama. Ya tsare ki daga ruwa da wuta da mugun abokin ciniki, Ya tsare ki daga irin zuciyata. Ya cika miki shago da ƙafafun mutane. Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya haskaka kabarinta. Idan kin isa ki kira ni, ko da Turancin ne, zan amsa.

A kan bencin za ki ga bargon da mahaifiyarki ta fara ɗinka miki na aure tun kina makaranta. Ta gama ko'ina sai tsakiya, inda ta sa farin yadi kawai. Wurin zanen kakarki ne, wanda mahaifiyarki ta zo da shi daga Zariya bayan rasuwar tsohuwar. Yana cikin kwandon ranar da na zubar. Babu wani guntunsa a ko'ina.

Mahaifinki,
Sani